Haɗa Ƙaramar Motar Sulke ta Roba a Ƙasar Zafi da Ƙura

Laifi uku nake gani a kusan kowace ƙaramar motar sulke da sabon hannu ya kawo mini in duba. Shatin yatsa ya kafe a jikin roba saboda gam ya yi yawa. Fenti ya yi kauri har ya cinye kusoshi da bakin ƙofofi. Sannan an lafta wa motar tsatsa da baƙin taɓo, sai ka ce daga ƙasar da ake ruwa kullum ta fito. Biyun farko gaggawa ce ke kawo su. Na ukun daga bidiyon waya yake zuwa, domin masu koyar da wannan aiki a intanet da yawansu a Turai da Japan suke, inda fenti ba ya bushewa a bakin burushi, hazo kuma ba ya biyo mutum har ɗaka. Takardar da ke cikin kwali za ta gaya maka wane ɓangare ke hawa kan wane, amma ba ruwanta da bazarar Bosso.

Yaran kwarin Komadugu ba baƙin ƙera mota ba ne. Wanda ya taso yana yi da kara da waya da gwangwanin madara, yana yanka taya daga tsohon silifas, ya riga ya sami hannu. Abin da samfurin roba ya ƙara shi ne awo: an rage kowane abu na motar gaske da lissafi guda, kuma ido yana kama duk abin da ya saɓa wa lissafin.

Kafin ka buɗe kwali

Tun da Boko Haram suka auka wa Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka sa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa, motar soja ta zama abin gani na yau da kullum. Kallo da ido ba laifi. Amma kada ka kuskura ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mota ko bariki ko shingen bincike wai don ka kwaikwaya, kada kuma ka tsaya kana yi wa soja tambayar kayan aikinsa. Hoton bayan kwali da na littattafai da na intanet sun ishe ka. Haka nan kada ka tsinci kwanson harsashi ko wani guntun ƙarfe a daji don ka yi wa samfuri ado. Akwai abin da bai fashe ba, akwai nakiyar da aka binne. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka ja da baya ka sanar da mai gari ko jami'an tsaro.

Ka kuma san wanda za ka nuna wa. Bayan harin Boko Haram na 3 ga Yunin 2016 mutum wajen 50,000 suka bar Bosso da kewayenta, da yawa a ƙafa suka nufi Tumur. Akwai gidajen da siffar motar soja ba abin wasa ba ce a wurinsu.

Wace mota, wane awo

Lambar da ke jikin kwali, 1/35 ko 1/72, ita ce awon. A 1/35 santimita 1 na samfuri yana madadin santimita 35 na motar gaske, wato mutum mai tsawon mita 1.75 zai dawo santimita 5. Na 1/72 ya fi araha, ya fi sauƙin aikowa, sai dai ɓangarorinsa ƙanana ne ƙwarai, atishawa ɗaya ta watsar da su. Fara da 1/35.

Ni AML-90 nake nuna wa mai farawa. Kamfanin Panhard na Faransa ya fara ƙera ta a farkon shekarun 1960: taya 4, mutum 3 a ciki, nauyi tan 5.5, igwa mai faɗin baki milimita 90, inji a baya. Sojojin Nijar da Chadi da Najeriya duk sun mallake ta, Afirka ta Kudu ma ta ƙera tata da sunan Eland. A 1987 Chadawa sun haɗa ta da buɗaɗɗun Toyota suka tarwatsa tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum. Tsawonta har bakin igwa mita 5.11 ne, a samfuri santimita 14.6. Takom da Tiger Model suna fitar da ita a wannan awo. Ƙananan ɓangarori gare ta da yawa, amma ba ta da sarƙa, kuma sarƙa ce ke karya gwiwar sabon hannu. Tankar T-55 ta Tarayyar Sobiyet, irin wadda Libiya ta yi asara a wancan yaƙi, Tamiya na da ita mai daɗin haɗi, tsawonta ya kusa santimita 26. Bar ta sai karo na biyu.

Wasu kwalaye kan zo da ƴan sojoji na roba. Masu ƙyamar mutum-mutumi sukan bar su a kwali, kuma mota da ƙofofinta a rufe ba ta rasa komai ba.

Wannan ba kayan da ake shimfiɗawa a kasuwar Bosso ba ne, saƙo ake yi. Ka roƙi mai kawowa ya sa kwalin a tsakiyar tufafi cikin jaka. Daga Yamai zuwa Diffa ya haura kilomita 1,300, ga kuma wajen 100 kafin Bosso. Kwalin da ya yi wannan tafiya a saman mota ƙarƙashin tamfol yakan iso da roba a lanƙwashe da takardar tambari a tsattsage.

Wanda bai sami kwali ba yana iya yanka tasa, tunda jikin AML faifai ne miƙaƙƙu. Sai dai ba kowace roba ce gam ɗin wannan aiki ke kamawa ba. Duba gindin abin: in ka ga lamba 6 cikin alamar kibiyoyi uku, ko harufan PS, ita ce. Ana samunta a wasu kofunan yogot da cokulan roba da tsofaffin gidajen faifan CD. Jarka da bokiti masu lamba 2 ko 5 ba za su kamu ba ko ka zuba kwalba guda.

Kayan aiki

- Abin yanke farce mai kaifi, ko ƙaramar filayar yanka waya ta masu gyaran rediyo.
- Reza sabuwa. Naɗe gefe ɗaya da salatif. Dakusasshiyar reza ta fi yanka mutum, domin sai an danna ta.
- Samfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, ana samu wajen masu fentin mota. Manna guntu a jikin siririn katako.
- Matsefata, tsinken sakace, robar ɗaure kuɗi, da guntun madubi ko tayil mai santsi.
- Gam iri uku: gam ɗin roba mai ruwa-ruwa irin su Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, da sufa-gulu, da farin gam na kafinta.
- Fenti mai narkewa da ruwa, irin na Vallejo ko na masu zane, da gwangwanin fesa shimfiɗar farko mai launin toka.
- Burushi uku masu laushi: mai faɗi, matsakaici, da mai tsini.
- Babbar roba ko kwali mai tsabta na kifewa a kan aiki. Kada ka raina wannan.

Gam ɗin masu faci da na masu gyaran takalmi zare yake ja, ba ya haɗa roba. Na masu haɗa bututun famfo ya yi ƙarfi, rami yake yi.

Mataki na 1: karanta, ƙirga, wanke

Bi takardar daga farko har ƙarshe kafin ka taɓa komai, ka sa alama da fensir inda ta ba da zaɓi biyu. Ɓangarorin suna manne a jikin rassan roba, kowane da lambarsa a gefe. Wanke rassan da ruwa da ɗan sabulu domin fitar da maiƙon masana'anta, wanda ke hana fenti kamawa. A cikin kwano za ka wanke, don abin da ya ɓalle ya tsaya ciki, a inuwa kuma za ka shanya.

Mataki na 2: yanka da gogewa

Kada ka murɗe ɓangare da hannu, zai tafi da tsokar jikinsa ya bar rami. Yanka nesa kaɗan, ka bar ɗan kututture, sannan ka bi shi da reza a hankali, ka ƙarasa da samfefa. Abin da za ka haɗa yanzu shi kaɗai za ka yanka. Lambar a jikin reshe take, in ka yanke duka ka ɓatar da sunayensu. Kowane ɓangare yana da siririn layi inda mazubi biyu suka haɗu. Tsayar da reza a kansa ka kankare, ba yanka ba. Ba a ganinsa sosai a roba tsirara, amma fenti na hawa zai fito fili.

Yi aikin cikin faranti mai baki ko murfin kwali. Abin da ya faɗa rairayin tsakar gida sai dai haƙuri.

Mataki na 3: gwaji, sannan gam

Haɗa kowane abu biyu ba tare da gam ba tukuna. In sun ƙi zama, akwai kututturen da ka bari, ko ka juya ɓangaren. Gam ba ya gyara abin da bai zauna ba.

A nan ake ɓata yawancin motoci, saboda an ɗauka gam ɗin roba shafa shi ake yi. Narkar da fuskar roba yake yi, ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya. Don haka riƙe su a haɗe, ka taɓa bakin burushin gam a tsagar da ke tsakaninsu, za ka ga ruwan ya bi tsagar da kansa yana sheƙi har ƙarshe. Ɗigo ɗaya ya isa tsawon yatsa. Duba inda yatsunka suke kafin ka taɓa, domin gam yana bin ƙarƙashin yatsa kamar yadda yake bin tsaga, kuma daga nan shatin nan yake fitowa. In ya zuba inda ba a so, kada ka goge. Bar shi ya bushe har gobe, sannan ka bi da samfefa.

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan gam yana tashi cikin ƙiftawar ido. Rufe kwalbar duk lokacin da ka ajiye burushi, ka dasa ta cikin gwangwani mai rairayi don kada ta kife. In ya ƙare, tinar masu fentin mota takan narkar da irin wannan roba, ɗigo a bakin burushi yana iya riƙe maka aiki, amma gwada a guntun reshe da farko. Duka biyun suna kama wuta, tururinsu yana sa ciwon kai. Buɗe taga, ka nisanta da kyandir da murhun shayi.

Sufa-gulu na ƙarfe ne da waya da duk abin da ba roba ba. Ɗiga shi a kan leda, ka ɗauka da tsinke. Kada ka goge shi da auduga, zafi yake yi har ya ƙona fata. Gilasan fitila da na leƙe kuwa farin gam kawai, domin sauran biyun suna dusashe su.

Mataki na 4: ƙafafu, igwa da tsagogi

Kafin gam ɗin ƙafafu ya kafe, sa tayoyin ka ɗora motar a kan madubi. Duka huɗun su taɓa. In ɗaya na lilo, gyara yanzu, ka aza wani abu marar nauyi a sama ta kwana haka. Tayoyin da suka zo da roba mai laushi kada ka manna su yanzu: a wasu kwalaye wannan roba tana cin robar da ke ƙarƙashinta bayan watanni, zafi kuma yana hanzarta abin. Fenti a tsakaninsu shi ne katanga.

In bututun igwa rabi biyu ne, naɗa samfefa ka riƙa juya shi a ciki. Wanda ya goge gefe ɗaya zai sami igwa mai kusurwa. Hasumiyar bindiga a bar ta tana juyawa, ba a manna ta. Tsagar da ta rage a cika ta da sufa-gulu da aka kwaɓa da hodar shafawa, a goge cikin awa ɗaya, domin in ya kwana ya fi robar tauri. Madubai da eriya da ƙaramar bindigar sama a ajiye su gefe sai ƙarshe.

Mataki na 5: shimfiɗar farko

Amfaninta biyu: tana ba fenti abin kamawa, tana kuma tona duk aibin da ido bai gani ba. Girgiza gwangwanin sosai, tsaya nisan taƙi ɗaya da rabi, fara fesawa a gefen motar ka wuce ta kanta ka saki a ɗaya gefen. Hayaƙi-hayaƙi, sau biyu ko uku. In ka jiƙe ta sharkaf, fentin gwangwanin yana iya yamutsa robar. In ka yi nisa da yawa cikin zafi, fentin zai bushe a iska ya sauka da gautsi. A waje ake fesawa, da hanci a rufe, kuma gwangwanin ba ya kwana a rana ko cikin mota.

Mataki na 6: fenti

Lokacin fenti a nan shi ne bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi. Yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, ka goge motar da busasshen burushi, domin a hunturu roba tana jawo ƙura da kanta. Da ka gama shafa, kife mata roba.

Tsinka fentin da ruwa har ya yi kaurin madarar shanu sabuwar tatsa. Shafar farko za ta fito da zane-zane, toka na leƙowa ta ƙasa, ranka zai ɓaci. Haka ake so. Bar ta ta bushe, yi ta biyu a gicciye, sannan ta uku. Shafa uku masu sirara suna barin kowace kusa a tsaye, guda ɗaya mai kauri tana binne su. Kada ka koma kan wurin da ya fara bushewa, zai tattare. Don fenti ya daɗe a faranti, shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ɗora takarda mai shara-shara irin ta kwafin zane, ka ɗiga fentin a kanta.

Zaɓi hoto guda ka bi shi, ko launin rairayi ko kore ko dabbare-dabbare. Kowane ka ɗauka, ƙara masa ɗan fari, domin ƙaramin abu yana fin babba duhu a ido, kuma ranarmu tana koɗar da fenti. Saman hasumiya da saman inji su fi gefe haske. Taya ba baƙa ƙirin ba ce, toka ce mai duhu. Bar motar ta yini ta kwana kafin mataki na gaba, ko da ta bushe a taɓi.

Mataki na 7: tambari

Yanka tambari ɗaya, tsoma a ruwa daƙiƙa 15 zuwa 20, jira ya fara zamewa, ka tura shi daga takarda zuwa jikin mota da jiƙaƙƙen burushi. Danne da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. Fuska mai santsi yake so; a kan fenti mai gautsi iska na maƙalewa ƙarƙashinsa ya riƙa ƙyalli fari.

Mataki na 8: inuwa da ƙura

Tsinka launin ƙasa mai duhu sosai har ya zama ruwa mai ɗan launi, da ɗigon sabulun ruwa, ka taɓa shi da burushi mai tsini a gindin kusoshi da kewayen ƙofofi. Wannan ke ba ƙaramin abu zurfi. Masu amfani da fentin mai suna tsinka shi da tinar fentin gida ko kananzir, shi kananzir yana daɗewa bai bushe ba. Fetur da tinar masu fentin mota kada su kusanci motar da aka gama.

Yanzu ka tambayi kanka wane wata ne motarka take ciki. In rani ne, farar ƙura ce, ta kwanta a duk wuri mai faɗi, ta taru a lungu da cikin zanen taya, ta fi yawa a baya inda tayoyi ke tayar da ita. Inda hannu da takalmi ke gogawa, bakin ƙofa da matakala, nan ne fenti ke fitowa fes. In damina ce ko lokacin da Komadugu ta cika, lakar kwari ce mai duhu, wadda ke yin fari-fari in ta bushe, kuma ƙarƙashin madigadi take maƙalewa, ba ta hawa hasumiya. Kada ka haɗa biyun. Tsatsa kuwa a salansa kaɗai, ko a jikin shebur. Mota mai aiki a busasshiyar ƙasa koɗewa take yi, ba ruɓewa ba. Abin da za ka ƙara shi ne tabon mai kusa da inji da bakin tanki, ƙura ta manne masa ta yi duhu.

Kada ka ɗebo rairayin ƙofar gida. Ƙwayar da ta kai milimita 1, a wannan awo dutse ce mai santimita 3.5. Abin da ya dace yana kan dakalin tagarka: lallausar ƙurar hazo da ke kwanciya cikin dare. Share ta a takarda, tace da ƙyalle, ka ɗora da busasshen burushi kaɗan-kaɗan, kana hurewa kana dubawa daga nesa. Garin alli mai launi ma yana yi. Inda kake so ta zauna, taɓa mata farin gam da aka tsinka da ruwa sosai. Laka kuwa ita ce wannan ƙura da farin gam da ɗigon fenti. Daga ƙarshe goga bakin fensir a kaifin ƙofofi da jikin ƙaramar bindiga, zai ba da ƙyallin ƙarfe. Duk lokacin da ka ji saura kaɗan, ajiye burushi.

Mataki na 9: kaya, eriya da mazauni

Motar da ke kwana a daji ba ta tafiya tsirara. Takardar goge hannu da aka jiƙa da tsinkakken farin gam, aka naɗe aka ɗaure da zare, ta zama tamfol ko tabarma. Jarkar ƙarfe ta lita 20 tsayinta wajen santimita 1.3 ne a samfuri, auna kafin ka sassaƙa. Kowane kaya a nuna igiyar da ta riƙe shi, kada kuma ya toshe ƙofa ko ya hana hasumiya juyawa.

Eriya daga reshe ake jan ta. Kawar da gam da tina, kunna kyandir, riƙa juya guntun reshe sama da harshen wutar har tsakiyarsa ya yi laushi, janye daga wutar, ka ja hannu biyu a hankali. Zai miƙe ya zama siririn zare. In ya kama wuta hure shi nan take, hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne.

Kafinta zai yanka maka ɗan katako na mazauni, masu tagar alminiyom kuma su haɗa maka akwatin gilashi. Ajiye nesa da taga da rufin kwano, inda hannun yara ba ya kai, domin ƙananan ɓangarori suna shiga baki. In ƙura ta hau, burushi mai laushi kawai, ba ruwa ba tsumma. In za ka kai ta Diffa, ɗaure mazaunin a gindin kwali, cire eriya, ka tafi da murfin kwalin asali da takardarsa, don in an buɗe kaya a shinge bayani ya yi sauƙi. Ragowar rassa da ɓangarorin da ba ka yi amfani da su ba a zuba su a gwangwani mai murfi. Daga ciki za ka ja sabuwar eriya, a kansu kuma za ka gwada gam da fentin mota ta biyu.